Hutun Ɗaya Ga Oktoba Da Amanar Da Ke Wuyan Maigida

Tsakanin ranar 23 ga Satumba, wadda a cikinta ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987, da ranar 1 ga Oktoba, wadda a cikinta ne Turawan Ingila suka sauke tutarsu a Ikko a shekarar 1960 suka miƙa ragamar mulki ga 'yan ƙasa, kwana takwas ne kacal. Saboda haka mu Katsinawa, duk shekara idan gero ya nuna aka fara kai dammuna gida, muna samun ranaku biyu na tunawa da ƙasa, ɗaya bisa ɗaya. Ba kuwa za a ce mun shiga sha'anin da babu ruwanmu ba, domin kuwa mutumin da ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra, watau Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, a cikin ganuwar birnin nan ya yi karatu, a Kwalejin Katsina da aka buɗe a shekarar 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello ya riga shi shiga. Ginin kuwa yana nan tsaye har yau, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Wanda ya hau Hasumiyar Gobarau, wadda masana tarihi ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ya dubi birnin daga Ƙofar Guga har Ƙofar Marusa, ya san cewa garin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Nijeriya, ya isa ya faɗi ra'ayinsa a kan yadda ya kamata a yi murnar haihuwarta.

Gaskiyar magana ita ce, ranar 1 ga Oktoba ba ta taɓa zama a zuciyar talakan Katsina kamar yadda Ƙaramar Sallah ko Babba ta zauna ba, ba ta kuma da hawa irin Hawan Bariki. Akwai malaman da ke ganin cewa idin Musulmi biyu ne, ba na uku, akwai kuma magidantan da ke cewa, da tsadar masara da halin da hanyoyin Batsari da Jibiya suka shiga, ba su ga abin murna ba. Ni kuwa ba zan yi jayayya da ko ɗaya daga cikinsu ba a wannan fili. Abin da na sani shi ne, ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, ranar hutu ce: ofisoshi a rufe, makarantu a rufe, yara sun cika lungu, ma'aikaci ya sami damar kwasar iyalinsa zuwa ƙauye gai da tsofaffi, masu biki sun tsara ɗaurin aurensu ya faɗo a makon, 'yan makaranta kuma, a shekarar da hukuma ta shirya fareti, an sa su a layi tun hantsi. To, a kan wannan hutu nake so in yi magana, kuma ra'ayina a fili yake: kishin ƙasar da ya fi kusa da hannun magidanci shi ne ya mai da kowane ɗan ƙasa da Allah Ya danƙa masa amanarsa gida lafiya, ranar 2 ga wata ya tashi da adadin mutanen da ya kwanta da su, babu wanda aka kwantar a asibiti saboda sakacin da ana iya kauce masa.

Kowace al'umma da irin lokacin da ranarta ta faɗo, da irin haɗarin da lokacin ke ɗauke da shi. Mutanen Amurka suna tasu ranar 4 ga Yuli, a tsakiyar zafinsu, damuwar likitocinsu kuwa ƙunar wasan wuta ce da tuƙin masu maye. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da sauran Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka sami nasu 'yancin ranar 3 ga Agusta 1960, sun yi dabarar da ta dace da tsakiyar damina, suka mai da ranar ta dashen itatuwa. Mu kuwa tamu ta zo a gaɓar da damina ke sallama kaka na shigowa, lokacin da kududdufai suke cike maƙil, ciyawa ta yi tsawo a bayan gidaje, magudanai sun toshe da leda, rana kuma ta dawo da zafin nan mai gumi wanda ke zuwa kafin iskar hunturu ta buso. Duk ma'aikacin jinyar da ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibitin garin nan zai shaida cewa babu watannin da gadaje ke cika, har a kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya, kamar Agusta da Satumba da Oktoba.

Babban dalili kuwa shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda sabo da shi ya sa muka raina shi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya baki ɗaya 'yan Nijeriya ne, akasarin waɗanda yake kashewa kuma yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Abin lura a nan, wanda ya shafi hutu kai tsaye, shi ne yadda cutar take ɓoye sawunta. Sauron da ke ɗauke da ita da dare yake cizo, daga magariba zuwa asuba, ƙwayar cutar kuma ba ta bayyana nan take, sai ta yi kamar kwana goma zuwa mako biyu a jiki tana hayayyafa tukuna. Saboda haka yaron da aka shimfiɗa wa tabarma a tsakar gidan kakarsa daren hutu, saboda ɗaki ya yi wa baƙi kaɗan kuma zafi ya hana barci, ba zai kwanta ba sai wajen tsakiyar Oktoba, sa'ad da kowa ya riga ya manta da tafiyar, sai a ce ai sauyin iska ne, ko a ce haƙori yake fitarwa. Uwar da ba ta manta da turamen atamfa da kwanonin tsaraba ba, yaya za ta manta da gidan sauro, wanda hukuma ke rabawa kyauta, wanda kuma nauyinsa bai kai na zane biyu ba? Na sha ganinsa an kewaye lambu da shi, ko an rufe kaji, ko an mai da shi ragar ƙwallo, mai gidan kuwa yana tsaye a kemis yana sayen allura.

Haka nan maganin rigakafin nan da ma'aikata ke bi gida gida suna bai wa yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar, sau ɗaya a wata tsawon damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi tun 2012, Katsina kuma tana cikin jihohin farko da aka fara shi a ƙasar nan: kwana uku ake shansa kowane zagaye, ma'aikaci ya ba da na ranar farko da hannunsa, ya bar wa uwa na sauran kwana biyun. Zagayen ƙarshe yakan faɗo kusa da wannan lokaci, shi ne kuma aka fi yin asararsa, domin ko dai masu rabo su iske gida a kulle an yi tafiya, ko kuwa hidimar biki ta shagaltar da uwa ta bar ƙwayoyin a kan taga. Idan kuwa, duk da haka, zazzaɓi ya kama yaro a wurin baƙunta, to, kada a jira a dawo birni, kada kuma a dogara da ragowar maganin wani. Gwajin jini na ɗan yatsa ba ya wuce minti ashirin, ana yinsa a ƙananan asibitocin karkara, maganin kulorokwin kuwa da iyayenmu suka sani an daina dogara da shi a ƙasar nan tun wajen 2005 saboda cutar ta daina jinsa. Yaron da ya fara taune-taune, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, wannan ba na turare da shafe-shafe ba ne. A yi masa addu'a a kan hanya, amma hanyar ta zama ta asibiti.

Na san akwai mai cewa, ai rai da ajali na Allah ne, abin da aka ƙaddara ba ya wuce lokacinsa. Haƙiƙa haka ne, babu Musulmin da zai yi shakka. Amma malaman da suka zauna a zaurukan Gobarau da Masanawa suna karantar da fiƙihu da usulu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, sun kuma karantar cewa shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar, watau addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya, suka sa rai a matsayi na biyu. Tarihi ya tabbatar da cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyarsa ta zuwa Sham ya sami labarin annobar Amwas, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, duk da nauyin daula da yaƙe-yaƙe, ya zauna ya wallafa littattafai a kan ilmin ɗibbu. Wanda ya ɗora yara biyar a kan babur ɗaya ya ce ya dogara ga Allah, ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi, kuma za a tambaye shi.

Sai batun ci da sha, wanda shi ne ƙashin bayan kowane taro a ƙasar Hausa, shi ne kuma ƙofar da amai da gudawa ke shigowa ta cikinta. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, sa'ad da kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, jihohin Arewa, har da tamu, su ne suka fi jin jiki. Hanyarta ɗaya ce tun fil azal: bayan gidan mai cutar ya gauraya da ruwan sha ko abinci, abin da ruwan sama ke sauƙaƙawa idan ya wanke juji da masai ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi. A ranar taro kuwa, ana haɗa zoɓo da kunun zaƙi da ruwan da ba a san asalinsa ba, a jefa ƙanƙarar da ba wanda ya tambayi inda aka daskarar da ita, a dama fura da hannun da ya gama karɓar kuɗi, a yanka latas da tumatir ba a wanke su da ruwa mai tsabta ba. Sa'an nan a kawo kwano guda na wanke hannu, mutum ashirin su tsoma ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya tashi da dauɗar goma sha tara. Abin mamaki, mu da muke alwala da buta sau biyar a yini, mu ne za a koya wa cewa ruwan da ake zubawa ya fi wanda ake tsomawa. A sa yaro ya zagaya da buta da sabulu, ba kuwa za a ce an ci mutuncin baƙo ba. Shinkafar da aka sauke tun hantsi, ta yini a rufe cikin zafin Oktoba, ba ta dace da cikin yaro da dare ba sai an ɗumama ta ta yi tururi sosai. Naman da ya fara sauya wari kuwa, yaji ba ya gyara shi.

Idan gudawa ta kama wani, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kwalara kuma tana iya gamawa da babban mutum cikin sa'o'i kaɗan, balle jariri. Maganin farko yana cikin madafin kowane gida: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa, mai shan nono a ci gaba da ba shi, ana haka ana neman abin hawa zuwa asibiti. Wanda ya sami ƙullin garin da ake sayarwa a kemis domin wannan, ya fi, kuma ya kamata ya shiga jakar tafiya tare da gidan sauro.

Kududdufai da madatsun ruwa kuwa, irin su Ajiwa da Zoɓe da na Jibiya, da ramukan da masu bulo suka haƙa a bayan gari, magana a kansu gajeruwa ce. Yaron birni da bai iya iyo ba, ya ga tsararrakinsa na ƙauye suna tsalle cikin ruwa, kunya ba za ta bar shi ya tsaya a baki ba, nutsewa kuwa ba ta da ihu, kafin a ankara an gama. Wanda ya tsira daga wannan ma yana iya komawa gida da tsargiya, bayan 'yan makonni a ga jini a fitsarinsa. Kada a aiki yaro ya kula da yaro a bakin ruwa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne wanda muke gani da idonmu muna kau da kai, shi ne sha'anin hanya da na samari. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, ba tafiyar da za ta sa mutum ya tashi bayan la'asar yana tsere da magariba ba ce. Wanda kuma zai bi hanyoyin yamma da kudancin jihar ya san dalili na biyu da ya sa tafiyar dare ba ta kamata ba, ba sai na faɗa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, ta ƙayyade gudun mota a cikin gari kada ya wuce kilomita hamsin a sa'a, ta wajabta hular kwano ga mai babur da ɗamarar kujera ga mai mota, amma doka ba ta shiga cikin gida, uba ne ke shiga. Uban da ya miƙa makullin mota ga ɗan shekara goma sha biyar domin a yi rakiyar amarya, yana sane da cewa za a je a yi ta juyi da ita a kan kwalta ana tayar da ƙura, 'yan mata na guɗa, shi ne farkon mai laifi, ba yaron ba. Haka nan kilisa. Katsina garin doki ne, babu mai musu, garin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo wanda sunansa ya kai ƙasashen waje a wasan folo. Amma su a fili suke sukuwa, da horo, da ladabi, ba a lungun da tsofaffi ke fitowa masallaci yara na wasan gaɗa ba. Idan aka haɗa wannan da ƙwayoyin maye, irin su tiramadol da maganin tarin nan mai kodin da gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, waɗanda ƙauraye ke sha su fito da makami ranar taro, sai ka ga hutun da aka ba da domin tunawa da 'yanci ya zama ranar da mutumin kirki ba shi da 'yancin fita ƙofar gidansa. A nan ina da tambaya ga kowane magidanci: da magariba ta yi ranar hutu, ka san inda ɗanka yake, da wanda yake tare da shi?

Game da taron jama'a kuwa, nauyin ya koma kan hukuma da masu shiryawa. Yaran firamare da ake tarawa domin fareti, da yawansu sun baro gida ba su karya kumallo ba saboda ɗoki, sai a jera su a rana tun ƙarfe takwas suna jiran manyan baƙin da ba za su iso ba sai sha ɗaya, su kuwa manyan an tanadar musu rumfa da ruwan sanyi. In yarinya ta yanke jiki ta faɗi, sai a ce aljanu ne, alhali yunwa ce da ƙishirwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu abin da zai rage darajar ranar idan aka fara da wuri aka gama kafin rana ta take, aka ajiye ruwa mai tsabta a kowane layi, aka kafa wa yaran inuwa, aka tanadi motar asibiti da ma'aikatanta a bakin fili. Wanda ya suma saboda zafi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, kada a ɗura masa ruwa a baki sai ya farfaɗo. Masu rabon shinkafa da kuɗi kuma, waɗanda ke son a ga taron da suka tara, su tuna abin da ya faru a Ibadan cikin Disamba 2024, inda yara talatin da biyar suka mutu a turmutsutsu a wurin wani bikin yara da aka yi alkawarin kyauta. Sadakar da aka bi da ita ta hannun masu unguwanni, gida gida, ta fi kusa da ikhlasi, ta kuma fi nisa da makabarta. Jama'a su ma su rage gudu zuwa wurin da abu ya faru domin kallo: a Abuja, ranar 1 ga Oktoba 2010, bam na biyu ya tashi ne bayan mutane sun taru inda na farko ya fashe, a Majiya ta Jihar Jigawa kuma, cikin Oktoba 2024, fiye da mutum ɗari da hamsin suka ƙone wajen kwasar man tankar da ta faɗi. Iyaye masu kai yara yawon buɗe ido Gobarau ko gidan tarihi, su riƙe hannun ƙanana a kan matakala, su kuma rubuta lambar wayarsu a takarda su sa a aljihun yaron da bai iya faɗin sunan unguwarsu ba.

Saboda haka ina kira ga limamanmu, su ba wannan batu wuri a huɗubar Juma'ar da ta gabaci hutun, domin maganar da aka ji daga mumbari ta fi wadda aka manna a bango shiga kunne. Ina kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, su sa safiyar ranar ta zama ta aikin gayya, a yashe magudanai, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya, a rufe rijiyoyi, kamar yadda maƙwabtanmu na Maraɗi suka ba tasu ranar aiki. Ma'aikatar ilmi ta duba lokacin fareti, ma'aikatar lafiya kuma ta tabbata cewa ƙananan asibitoci ba su rufe ba don ana hutu. Kai kuma maigida, kafin ka tayar da mota, ka duba taya da birki, ka ƙirga yaranka, ka tambayi uwargida ko gidan sauro ya shiga kaya, ka ajiye lamba 122 ta masu kiyaye haɗurra da 112 ta neman agajin gaggawa a wayarka, ka kuma tashi da sassafe. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya zaunar da Katsina da Nijeriya lafiya.